Ƙafar Dama ta Gaba

Kowa ya karanta abin da ya iya ya shafa tukuna. Kulu, ke ma. Ba na son in kai tsakiyar labari wani ya ce min fitsari yake ji a raka shi. Bashari, kashe wayar nan. In kallon waya ka zo yi, tashi ka ba mu wuri.

To. Ku matso.

Kun san kafin in dawo Kano da zama, shekara tara na yi ina facin taya a Kwanar Marke, can kan hanyar Ningi. Ba gari ba ne. Rumfuna ne shida ko bakwai a bakin titi, da mai shayi, da masallacin langa-langa, da wani ƙaton marke da wurin ya ci sunansa. Rumfata tana jikin ta wani makanike, Tasi'u. Kwano ɗaya muke cin abinci da shi.

Tasi'u makaniken ƙafa ne. Sa'ade, daina dariya, ba ɗori yake yi ba. A wurin makanikai, duk abin da ke riƙe da taya yana ɗauke da nauyin mota, da shokazoba da sifirin da sauran tarkacen, sunansa ƙafa. Direba zai zo ya ce ƙafata ta gaba tana ƙara, kowa ya san motarsa yake nufi.

Mutumin ya iya aiki, wannan ba na hana shi. Mota tana tahowa daga nesa zai karkata kai ya ce, "Ilu, waccan bushin ɗinta ya mutu." In aka kwance, haka ɗin ne. Amma baki gare shi, Allah ya kyauta. Duk motar da ya gama, sai ya daki bonet da tafin hannu ya ce wa mai ita, "In ta sake ƙara, dawo ka cire tawa ƙafar ka sa mata." Direbobi su yi ta ƙyaƙyata dariya. Na sha ce masa ya bar maganar nan, ba ta da daɗin ji. Sai ya ce, "Kai da sana'arka sayar da iska ce, kai ne za ka ji tsoron iska?" Haka yake, ba ka kayar da shi a magana.

Ranar da abin ya fara, bazara ce, rana ta take tsaka. Irin zafin nan da kwalta ke narkewa tana kama takalmi. Kasuwar ƙauyen gaba ce take ci, duk 'yan rumfuna sun tafi, har mai shayi. Daga ni sai Tasi'u. Ko tsuntsu ba ya motsi a kan marken.

Sai muka ji.

Kwas.

Shiru.

Kwas.

Tasi'u ya karkata kai. "Fad ne," ya ce. "Dama, ta gaba."

Ni kuwa wani abu daban nake nema da kunnena, ban same shi ba. Ƙarar inji. Ga mota nan tafe, doguwa, tsohuwa, launin toka, ba lamba gaba ba lamba baya. Tana tahowa a hankali, amma inji shiru. Sai kwas ɗin nan kawai. Ta sauka daga titi ta tsaya a gaban rumfar Tasi'u.

Ƙofa ta buɗe. Mutumin ya fara fitowa. Ya yi ta fitowa. Wallahi sai da na ɗauka ba zai gama ba. Dogo ne na fitar hankali, rigarsa har ƙasa tana jan rairayi, ba ka ganin ƙafarsa. Bai yi sallama ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji Tasi'u.

Leɓen mutumin ya motsa. Ya gama motsi, ya rufe. Sannan muryar ta iso, can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin randa.

"Ƙafata ke ciwo."

Direbobi ƙara suke cewa. Shi ciwo ya ce. Tasi'u ya yi dariya ya ce, "Ka zo asibitinta." Mutumin ya zagayo gaban mota yana ɗingishi. Duk sa'ad da ya taka ta dama, sai in ji kwas. Motar tana tsaye fa, ba mai taɓa ta.

Tasi'u bai lura ba, ko ya lura ya share. Ya dafa madigadi da hannu biyu ya danna da ƙarfi ya saki. Mota ta yi ƙasa ta dawo sama. Kwas. Ya sa jak ya ɗaga ta, ya kama taya ya jijjiga sama da ƙasa, ya jijjiga hagu da dama. Ba lilo. Ya leƙa ƙarƙashi, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce duk ƙasa lafiya lau, ciwon yana sama. Ya sauke jak, ya buɗe bonet.

"Ilu, shiga ka juya min sitiyari."

Ban so ba. Na shiga. Cikin motar sanyi ƙalau, a wannan rana. Wari kuma irin na bayan mayanka in an yi ruwa. Na kama sitiyari, na ji shi da ɗumi, da danshi-danshi, kamar bayan doki. Na juya hagu, na juya dama. Shi kuwa ya kifa tafin hannunsa a saman shokazoba, inda noti uku suke. Ana jin gurr, gurr, kamar ana niƙa tsakuwa, sannan kwas.

Bashari, fad ɗin kake tambaya? Wani faifan ƙarfe ne da roba mai kauri, da boris a tsakiyarsa. Shi ne hular shokazoba, shi ya haɗa ta da jikin mota. In robar ta tsage, boris ya cinye, duk ramin da aka faɗa ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Ka gane? To yi shiru.

Sai na ga Tasi'u ya janye hannu da sauri, ya dube shi, ya goge a wando. Daga baya ya gaya min wani abu ya ji yana harbawa a ƙarƙashin tafinsa, kamar jijiyar wuya.

"Alhaji, fad ɗinka ya mutu. Sai sabo."

Leɓe ya motsa. Murya ta biyo baya.

"Sa sabo."

To, babu sabo a Kwanar Marke. Sai an je cikin Ningi. Da ya buɗe baki ya ce babu, da shi ke nan, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma Tasi'u bai taɓa iya cewa babu ba. A ganinsa abin kunya ne mota ta bar rumfarsa tana ƙara.

"Akwai," ya ce.

Ya zagayo rumfata, ya rage murya. "Yanko min roba a tsohuwar tayar babbar motar can. Ciko za mu yi masa."

"Tasi'u, mutumin nan bai kwanta min ba."

"Yanko."

"Ka ji muryarsa kuwa?"

"Mura yake yi. Yanko, Ilu, kana ɓata min lokaci."

Na ɗauki wuƙa na yanko. Da hannuna. Wannan abin har gobe yana ci min rai, ba zan ɓoye muku ba.

Ya sake sa jak, ya cire taya, ya kwance noti ukun sama, ya zare kusoshi biyun ƙasa. Yana fizgo shokazobar waje, sai muka ji tim a bayanmu. Mutumin ne ya zube a gindin marke. Ƙafarsa ta dama a miƙe cikin riga, tana reto kamar ba ƙashi. Huci kawai yake yi.

Tasi'u yana da wasu ƙugiyoyi biyu masu zare, da su ake matse sifirin kafin a kwance notin tsakiya. Dole ne. Sifirin ɗin nan nauyin mota yake riƙe da shi. In ka kwance notin ba ka matse shi ba, fitowa yake kamar harsashi. Ya sa ɗaya a nan, ɗaya a can, ya yi ta murzawa har sifirin ya tsuke, sannan ya cire fad ɗin. Robar ta dare gida biyu. Cikinta ja ne jawur, da jiƙa.

Ya zagaya bayan rumfa da shi. Ya cusa robar da na yanko, ya wanke boris da fetur, ya danƙara masa giris, ya shafe komai da baƙin mai har yana ƙyalli. Ya fito yana fito, ya mayar, ya ɗaure. Ya danna madigadi ya saki.

Tsit.

Mutumin ya miƙe. Ya taka ɗaya, ya taka biyu. Tsit.

"Sabo ka sa?"

"Sabo fil, Alhaji, daga leda." Ya daki bonet. "In ta sake ƙara, dawo ka cire tawa ƙafar ka sa mata."

Mutumin ya riga ya kama ƙofa. Ya saki. Ya juyo a hankali.

"Sake faɗa."

Tasi'u ya sake, yana dariya.

"Sake."

Ya faɗa na uku. Wannan karon ba dariya.

Sai idon nan ya dawo kaina. Ban iya gaya muku launinsa, ban yarda na kalla ba.

"Mai faci. Ka ji?"

Na ce, "Na ji."

Ya ajiye wa Tasi'u haƙƙinsa a kan benci, ya naɗe kansa ya koma cikin mota. Ta hau titi ta tafi, ba ƙara ko ɗaya.

Da ta ɓace na duba ƙasa. Kun san ni da taya, zanenta nake karantawa. Inda mutumin ya taka, zanen taya ne a rairayi. Inda motar ta bi kuwa, tun daga bakin kwalta har gaban rumfa, sawun ƙafar mutane ne, ba takalmi. Wani babba, wani ƙarami. Wani ma babu babban yatsa. Na kamo hannun Tasi'u na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa ƙafa ya share.

"Makiyaya ne suka wuce," ya ce.

Amma ranar bai ci abinci ba.

Kashegari da sassafe ya hau mota ya tafi Ningi, ya sayo fad sabo na gaske, ya rataye shi a ƙusa cikin ledarsa. Direbobi suka yi ta nema ya sa musu, ya ce na wani ne. Ya daina dukan bonet. Ya daina maganar nan gaba ɗaya. Na ce masa ya tattara ya bar wurin. Ya ce ya tafi ina, ga matarsa Lantana ga yara uku, ga rumfar da ya yi shekara goma sha biyu yana ginawa? Ya ce in mutumin ya dawo zai ba shi haƙuri ya sa masa sabon, magana ta ƙare. Yana faɗa yana shafa gwiwarsa ta dama, bai ma san yana yi ba.

Damina ta sauka. Hanya ta farfashe, ramuka ko'ina. Ni na san robar da na yanko, na san ba ta kai wata biyu a irin wannan hanya. Kullum rana ta yi tsaka sai mu yi shiru, ni a rumfata shi a tasa, kowa yana saurare, ba mai gaya wa ɗan'uwansa.

Mako na bakwai. Ranar kasuwa kuma. An yi ruwa da safe, rana ta buɗe, ƙasa tana tururi. Ba kowa.

Kwas-kwas-kwas-kwas.

Ba a hankali ba yanzu. Kamar ana dukan ganga da guduma.

Na ce, "Tasi'u, gudu!"

Na zura, na kai bayan masallaci, na waiwaya. Yana nan inda na bar shi. Ƙafarsa ta hagu tana ta fafutuka, ta dama ta kafe a ƙasa kamar an dasa ta. Ya kama cinyar da hannu biyu yana ja. Ko gezau.

"Ilu! Ta ƙi! Ilu!"

Da na wuce, da ba wanda zai ga laifina. Na koma. Kada ku ce jarumta ce, ni kaina ban san abin da ya mayar da ni ba.

Mota ta tsaya. Mutumin ya fito yana jan ƙafa, gefen rigarsa na dama ya jiƙe ya yi baƙi. Ya buɗe hannu. Guntuwar robata ce, ta tattaune. Ya wurgo min ita. Roba ce fa, amma kamar dutse ta same ni a baki, na kifa cikin taɓo. Ga gurbin haƙoran nan biyu. Kun daɗe kuna tambaya, na ce muku babur ne. Ba babur ba ne.

Tasi'u ya durƙusa kan gwiwar hagu, ta daman tana kafe.

"Alhaji, na yi laifi. Ƙarya na yi maka. Ga sabo can a rataye, wallahi sabo ne, don kai na sayo."

"Ba shi na zo ɗauka ba."

"Don girman Allah. Ina da yara. Ka bar ni in gyara ɓarnata."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙasa. Inuwar marke ta fara karkatowa, tsakaninta da tayar baya bai fi kamu ɗaya ba.

"Kafin inuwar nan ta taɓa tayata."

Nan take ƙafar ta saki.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Jak ya nutse a taɓo, na janyo katako na cusa. Muka ɗaga. Na kwance taya ina tofar da jini. Tasi'u ya faɗa ƙarƙashi. Kusar farko ta fita. Ta biyu ta yi tsatsa ta ƙi. Ya sa sifana ya taka, sifana ta suɓuce, bayan hannunsa ya daki ƙarfe, fatar yatsu huɗu ta saluɓe. Bai ko duba ba. Ya sa guduma. Ya daka, ya daka, ya daka, kowane duka mutumin yana gurnani daga gindin marke. Kusa ta fita.

Na dubi inuwa. Saura taƙi ɗaya.

Noti ukun sama. Ɗaya. Biyu. Na uku ya faɗa cikin inji, muka bar shi. Ya fizgo shokazoba ya yar a ƙasa, ya ɗauko ƙugiya ya maƙala ya hau murzawa. Abin nan ba ya sauri, zare ne, sai ka bi shi. Gumi da jini suna zuba a kan sifirin.

Saura yatsa huɗu.

"Sa ta biyun," na ce.

"Ba lokaci."

"Tasi'u, ɗaya ba ta riƙewa!"

"Na sani! Riƙe min ƙasan!"

Shekara goma sha biyu yana zagin duk wanda ya ga yana kwance notin tsakiya da ƙugiya ɗaya. Ya taka sifirin da ƙafar dama, ya sunkuya, ya sa sifana. Juyi ɗaya. Biyu. Uku. Na ga ƙugiyar tana zamewa, a hankali, a hankali. Na buɗe baki.

Ƙarar kamar bindiga.

Sifirin ya same shi a gwiwa, ya wuce, ya huda rufin langa-langa ya fita. Tasi'u ya tashi sama ya faɗo ta baya. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba ta lanƙwashewa. Wando ya yage, ga farin ƙashi a waje. Da farko bai yi kuka ba, kallon abin kawai yake yi. Sannan ya kurma ihu. Ihun nan, ko yanzu in na rufe ido ina jin sa.

Na dubi ƙasa. Inuwa ta hau taya.

Kulu, in ba za ki iya ba toshe kunnenki. Ba zan tsallake ba.

Mutumin ya jawo jiki ya tsuguna a gabansa. Ya kifa tafin hannunsa a kan gwiwar.

"Mai faci. Juya."

Na ce, "A'a. Wallahi a'a."

Ina nesa da shi kamar daga nan zuwa bakin rijiyar can. Bai tashi ba. Ɗaya hannun ne ya miƙo, ya yi ta miƙowa, ya shaƙe ni a wuya, ya buga kaina da jikin mota, ya sake bugawa, sannan ya ja ni cikin taɓo ya ajiye a ƙafar Tasi'u.

"Juya."

Na kama tafin ƙafar abokina. Na juya hagu. Na juya dama. Ƙashi yana gurzar ƙashi. Tasi'u yana kiran sunana, yana kiran uwarsa, yana salati. Shi kuwa mutumin ya karkata kai yana saurare.

"Sama ta lalace," ya ce. "Ƙasa lafiya. Za ta yi."

Ya ture ni. Ya danne cinyar da hannu ɗaya, ya kama ƙwauri da ɗaya. Ya murɗa kamar mai kwance noti. Juyi uku. A na uku na ji wani abu ya tsinke, tas. Ya ja. Ta fito.

Jini ya yi tsartuwa har fuskata.

Ya miƙe da ita a hannu, yatsun suna motsi. Ya sunkuya ya tura ta cikin ramin da shokazoba ta fito. Wani abu daga ciki ya karɓa, da ƙara irin ta saniya in ta zare ƙafa daga laka. Ya ɗauki taya da hannu ɗaya ya mayar, ya ɗaure notuna da yatsu. Ya shure jak. Ya dafa madigadi ya danna ya saki.

Tsit.

Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ba ɗingishi.

"Wannan sabuwa ce," ya ce. Ya shiga ya tafi.

Ban san sa'ad da na rarrafa rumfata ba. Na fizgo tsohon tif na yanka, na naɗe cinyar, na zura sifana na yi ta murɗawa har jini ya tsaya. Ina murɗawa ina kuka, ƙato da ni. Tasi'u ya yi fari fat, idonsa ya kakkafe. Ina ta yi masa magana don kada ya tafi. Allah ya kawo motar 'yan kasuwa da ta dawo da wuri, muka kwashe shi sai asibiti.

Likita ya tambaya, na ce sifirin ne. Ya ce ina ƙafar? Na ce ban sani ba. Kwana uku mutanen Kwana suna bin gonaki suna nema. Sifirin suka samu a cikin gero. A ƙarshe aka ce karnuka ne suka ɗauke, ni kuwa na ja bakina na yi shiru.

Bai mutu ba. Wata huɗu ya yi a kwance. Da aka sallame shi wansa ya kwaso su ya dawo da su Kano, ni ma na sayar da injin iskata na biyo baya, ban ƙara kwana a Kwanar Marke ba.

Kun ma san shi. Mutumin nan mai sanduna biyu da ke zama a ƙofar gida mai koren ƙyaure, a layin bayanmu, wanda Sa'ade take cewa yana magana shi kaɗai. Ba shi kaɗai yake magana ba, Sa'ade. Hanya yake bi.

Yana jin ta. Ƙafar tana can, amma yana jin ta. Rana na yin tsaka sai ka ga ya dafe dungulmin, gumi ya karyo masa. Ya zabura, ya ce sun faɗa rami. Ya ce yau tsakuwa suke bi. Ya ce sun shiga ruwa, sanyi har ƙugunsa. Ya san hanyoyin ƙasar nan da ramukansu, shekara da shekaru yana jin su a bakin direbobi, sai ya riƙa gaya min inda suke. Yau gabas. Gobe can wajen Zamfara. Wani lokaci inda bai sani ba, ya ce ba kwalta ba ce, ba ƙasa ba ce, kada in tambaye shi. Shekara shida ke nan. Ba su taɓa tsayawa ba, shi ma bai taɓa hutawa ba.

Shekaranjiya na je gaishe shi. Bai amsa sallamata ba. Na zauna. Can ya kamo hannuna ya matse.

"Ilu, ta hagu ta fara."

Na ce, "Ta fara me?"

"Ƙara. Ina jin ta ta cikin ƙashina." Ya dube ni. "Kowane makanike ya sani. Fad biyu ake canzawa tare. In ka sa sabo a dama, tsohon hagu ba ya daɗewa."

Na ce ai bai yi alkawarin biyu ba. Ya ce shi ma abin da yake gaya wa kansa ke nan.

Jiya na koma. Ya ce sun juyo.

Yau da la'asar ya ce sun haye gadar Wudil. Ya ce tafiyar ta canza, suna yi suna tsayawa, suna yi suna tsayawa, kamar mai tambayar gida.

Shi ya sa na tara ku. Daga gobe ba wanda zai bi layin baya shi kaɗai da tsakar rana, ko aiken wa ne, ko Inna ce ta aike ku ku ce ni na hana. In kuka ga mota ba ƙarar inji ta tsaya, wani dogo ya leƙo ya ce ina gidan makaniken ƙafa, kada ku yi masa ƙarya. Kada kuma ku gaya masa gaskiya. Ku sunkuyar da kai ku wuce.

Bashari, gobe kai za ka buɗe min shago. Ni ba zan fita ba. Ya san fuskata.